Hantar Yaya

Talata, 27 ga Zulƙida, 1283. Tambuwal.

Bismillahi. Na tsinci guntayen takarda cikin gafakar marigayi Baba, na ce bari in riƙa zuba abin da ke cikina nan, tunda gidan ga kowa bakinshi ya sani, ba mai kunne. Watan Layya bai ko tsaya ba an riga an hau kaina. "Atu, ina daddawa?" "Atu, an sussuko geron?" "Atu, wuyan rigar Malam ya ɓalle." Inna, uwar Malam maigidana, tana son a wanke mata zannuwanta na saƙi tun yau, sai ka ce gobe ne Idi. Mardiya ƙanwarshi kuwa, da ta dawo gida zawarci, ita ce wai mai taya ni. Jiya ta taya ni ta ƙone wake. Wake fa, jama'a!

Zafi ya sauko da ƙarfinshi. Bayana kamar an daka a turmi.

Laraba, 28 ga Zulƙida.

Ana ga wata ga wata. Wani mai jaki ya biyo daga Kebbe da saƙon Baffa Sambo, ƙanen Baba. Wai Saudatu ba ta cin abinci, nono ya fara ɗaukewa, jaririyar tana wuni kuka. Danginta na Fakku sun zauna har sadakar arba'in sunka koma, uwarta ba ta da ƙafa. Ita kuma ba dama a ɗauko ta, mai takaba ba ta barin ɗakin miji. Wai in zo, ni ce take jin maganata.

Saudatu matar Maccido. Ƙanena. Bayan Ƙaramar Sallah zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. To, shi ke nan, ba shi na zauna rubutawa ba.

Alhamis, 29 ga Zulƙida.

Na faɗa wa Malam. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To wa zai yi mana suyar Layya?" Na ce Mardiya. Ya yi dariya, ya duba ya ga ni ba dariya nika yi ba, ya bari. Ya ce in je, Allah ya ba da lada, amma in yi ƙoƙari in dawo kafin jajibere. Na ce in sha Allahu. Shi da ni duk mun san ba dawowa zan yi ba.

Na wuni ina nuna wa Mardiya abubuwa. Ga gishiri, ga iyakar abin da ake zubawa, ga tukunyar kitse, kada ki bar wuta ta yi harshe. Tana ta "to Yaya, to Yaya," idonta na kan lallen da take kwaɓawa. Allah dai ya kyauta. Naman shekara guda ne zan bari hannunta.

Lahadi, 2 ga Zulhajji. Kebbe.

Mun iso jiya da la'asar, wata ya tsaya muna hanya. Jakin nan ya gama da sauran ƙugun da nika da shi.

Gani ya kori ji. Saudatu da na sani mai kumatu, yau ƙasusuwan wuyanta sai ka zuba ruwa su riƙe. Tana zaune ƙuryar ɗaki cikin tsohon baƙin zane, kai ba kitso, ido ba kwalli, kamar yadda addini ya ce. Ta ce, "Sannu da hanya, Yaya." Iyakar abin da na samu ke nan. Ummu kuwa, 'yar wata bakwai, ta yi kuka har muryarta ta dushe, sai buɗe baki take ba sauti. Saudatu ba ta ko kiran sunanta, ɗiyar fari ce, "wagga yarinya" take cewa. Da can kunya ce, yanzu ban san ko mi ne ne ba.

Ban zauna ba. Na share gida, na wanke tukwane, na jiƙa gero, na dama kunun kanwa mai kauri don nono ya sauko. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta sha in ya huce.

Litinin, 3 ga Zulhajji.

Ƙwaryar ta dawo wanke tas. Na ji daɗi, na ce ashe mai tsawatawa ta rasa.

Talata, 4 ga Zulhajji.

In ba ƙira, mi ya ci gawayi? Kwana biyu ƙwarya na dawowa wayam, mai ci kuwa sai ƙara zubewa take. Yau na laɓe bayan rumbu na gani da idona. Akwai rago bayan ɗaki, fari mai baƙin wuya, wanda Maccido ya ɗaure tun kaka don Layyar bana. Shi take kai wa. Kunun, furar, tuwon da na tuƙa har hannuna ya yi kanta, duk cikin rago suke tafiya. Ta durƙusa gabanshi tana sosa mashi goshi, shi kuma ya yi ƙiba har wuyanshi na rawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito na ce, "Saudatu, ke mahaukaciya ce? Ɗiyarki na mutuwa da yunwa kina kiwon dabba da abincinta?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ya saba ba shi da hannunshi. In ba a ba shi ba kuka yake." Na ce ita ma wagga da ke ɗaki kuka take, ko ba ki da kunne?

Na je wurin Baffa na ce a ɗauke ragon nan a kai garkenshi. Ya ce, "Atu, a bi ta a hankali." Na ce an bi ta a hankali wata biyu, ga abin da hankali ya haifa. Anka kwance shi anka tafi da shi.

Laraba, 5 ga Zulhajji.

Ba ta ci ba. Ko ruwa sai da na tsaya kanta.

Alhamis, 6 ga Zulhajji.

Yau ma haka. Ƙwarya ta dawo cike, ƙuda na bi. Da can aƙalla tana tashi ta zagaya bayan ɗaki, yanzu ta juya wa ƙofa baya ta kwanta.

Ummu na hannuna dare da rana. Wata maƙwabciya mai goyo, Ni'imatu, Allah ya saka mata, tana shigowa ta ba ta nono safe da yamma, amma ita ma nata ɗan gare ta, ga aikin Sallah ya taso. Sauran lokaci ruwan koko nika ɗiga mata da yatsa. Ta yi sauƙi a hannu, sauƙin da ba ni so.

Kuma mutane ba su san gidan makoki ba in Sallah ta matso. Matar Baffa ta aiko in zo in duba mata ko daddawarta ta nuna. Wata ta kawo ɗiyarta in yi mata kitso, wai ta ji labarin hannuna. Na yi. Mi zan ce? Tun ina yarinya ban iya "a'a" ba, sai dai in yi ina mita. Yanzu ga saƙon Malam ya iso bakin wani bafatake: ana gaishe ni, Inna na tambaya ina na aje kwallinta. Kwalli! Yana cikin tandu, tandu na cikin lefe, lefe na ƙarƙashin gadonta inda yake tun kafin a kawo ni gidan.

Na gaji. Wallahi na gaji.

Juma'a, 7 ga Zulhajji.

Na yi mata wa'azi yau, duk abin da Baba ya karantar da ni na zazzage. Haƙuri, ƙaddara, haƙƙin jariri a kan uwa. Na ce kowa ya rasa wani, ba kanki farau ba. Na ce dube ni, ba ƙanena ba ne? Na kwanta na ce ba ni ci?

Sai ta juyo. Tun zuwana ba ta kalle ni ido cikin ido ba sai yau. Ta ce, "Ke ai ba ki ji ba, Yaya. Ranar da anka fita da shi, kina bakin murhu kina faɗa a kan gishiri. Ko ɗigon hawaye ban ga kin yi ba."

Na ɗauki tulu na tafi rijiya, alhali randa cike take.

Asabar, 8 ga Zulhajji.

Ni ban ji ba.

Ni da na goye shi. Innarmu ta rasu yana rarrafe, ni ko ƙirgar dangi ban fara ba, bayana ya zama gadonshi. Ni na tauna mashi tuwo. Ni na cire mashi ƙaya, na raka shi makarantar allo ranar farko yana riƙe da gefen zanena yana ihu. Har ya yi gemu in ya shigo gidana sai ya leƙa tukunya ya ce, "Yaya, ina ƙanzona?"

Ita addini ya ba ta wata fuɗu da kwana goma. Ta zauna, ta bar kanta a tsefe, kowa ya shigo ya ce mata sannu, ya haƙuri. Ni 'yar'uwa kwana ukku anka ba ni, kuma ba ni ja da hukuncin Allah. Amma kwana ukkun nan ina na yi su? Bakin murhu. Mutanen Fakku, mutanen Tambuwal, malamai, duk sai sun ci. Wani ya tuƙa mani? Da na ɗago kai kwanakina sun ƙare, anka ce Atu sai haƙuri, Atu ai ke ce babba, Malam na jira. Na ɗaura ɗankwali na hau jaki.

Astagfirullah. Kishin takaba nika yi ko mi? Allah ka yafe mani.

Da yamma na je na ce wa Baffa a maido ragon. Bai ce "ai na faɗa maki" ba, Allah ya ja kwananshi. Da anka shigo da shi ya yi kuka, sai ga ta ta fito tana dafa bango. Ta sha kunu kurɓi biyu a gabana, saura ta kai mashi. Na kawar da kai.

Lahadi, 9 ga Zulhajji. Jajibere.

Ina azumin Arfa, ga zafi, ga daka. Gari duk ƙamshin lalle da turare, 'yan mata na wucewa da ƙafafu ƙunshe cikin ganye. Gidan ga kaɗai ne shiru.

Baffa ya shigo da hantsi, ya tsaya bakin ƙofar ɗaki ya yi sallama. Ya ce ragon nan yanzu na magada ne, amma mai shi da niyyar Layya ya ɗaure shi. In mun yarda a yanka gobe, shi zai saka wa Ummu rabonta da tunkiya cikin garkenshi, kada a ci haƙƙin marainiya. In kuma ba mu yarda ba, a bar shi. Na ce ni dai na yarda. Na ɗauka za ta yi kururuwa.

Sannan ta ce daga ciki, "Baffa, don wagga rana ya ɗaura mashi igiya. A yanka. Amma nan gindin aduwa, inda ya saba."

Da Baffa ya fita na ce mata ta kyauta. Ta ce, "Yaya, in an yanka shi kuma wa zan ba?" Ban gane ko da ni take ba ko da kanta. Tsoro nika ji. In ragon ne ke tashe ta daga shimfiɗa, gobe mi zai tashe ta? Ni'imatu ta ce jibi za ta tafi ƙauyensu yawon Sallah. Ummu fa?

Yau kam Mardiya na can na jiƙa shinkafar da ba a ce ta jiƙa ba. Ba ruwana.

Litinin, 10 ga Zulhajji. Sallah.

Ba ni iya rubutu yau.

Talata, 11 ga Zulhajji.

Bari in rubuta na jiya tun ban fara gyara shi a raina ba.

Da anka sauko Idi, liman ya yanka nashi, Baffa ya zo da wuƙa. Saudatu ba ta fito ba, ni na riƙe ƙwaryar ruwa. Anka feɗe, anka banƙare shi jikin itace anka kai tareni, wurin gashi bakin wuta, tare da na unguwa, kayan ciki anka miƙo mani. Na wanke, na ɗora. Hantar na gasa daban, don Maccido ba ya sa komai bakinshi ran Layya sai hantar ragonshi, haka Baba ya koya mana. Na ce ko albarkacin wannan za ta taɓa.

Na kai mata cikin akushi da wuƙa, na zauna gabanta, na riga na shirya faɗan da zan yi. Sai na ga ta jawo akushin da kanta. Ta ɗauki wuƙa ta raba hantar ukku, ba ta ko duba ba, hannu ne kawai ke aikin da ya saba. Ta tura guda gefen dama, wurin zamanshi. Ta bar guda gabanta. Ta ukkun ta miƙa hannu ta zaro ganyen kalgo cikin waɗanda na tsinko don ƙunsa naman rabo, ta naɗe ta da kyau, ta yage zare bakin zanenta tana ɗaurewa.

Na ce, "Wannan fa ta wa ce?"

Ta ce, "Ta Yaya ce. Gobe da asuba za ya kai mata Tambu..."

Ta tsaya. Ta dubi ƙunshin, ta dube ni.

Kowace Layya haka yake yi. Kashegarin Sallah da sassafe ya ɗaura cinya bisa doki, ya soke ƙunshin ganye cikin aljihu, ya iso mani fuska duk gumi yana kira tun daga zaure, "Ina tsohuwar gidan ga? Ga hantarki, kada ki ce na ci amana." Ni kuma in ce ta bushe, ta yi gishiri, wa ya gasa wannan? Kullum sai na kushe. Ban taɓa tambaya wa ke naɗe ta ba. Ashe ita ce.

Ban san lokacin da abin ya ƙwace mani ba. Wani sauti ya fito daga cikina kamar na saniya. Na kife bisa tabarma ina kiran sunanshi, ni da ke hana mutane kuka mai sauti, ni da na yi wa'azi ran Juma'a. Ran Sallah fa, maƙwabta na ji. Na ce wayyo ƙanena, wayyo ɗana, wa zai kira ni tsohuwa? Kayan ciki na can bisa wuta, na ji ƙauri, ban tashi ba.

Sai na ji hannu bisa bayana, ƙashi zalla, tana bubbuga ni kamar yadda ake yi wa jariri. Ita ma kukan take. Mun daɗe haka. Da na lafa ta ce, "Yaya, yaushe rabonki da abinci?" Na ce ai azumi na yi jiya. Ta ce, "Da mi kinka buɗe baki?" Ruwa ne kawai. Shekaranjiya ma ban tuna ba. Ta ce, "Kwana tara ina kallonki. Kina ɗora tukunya kina saukewa, ban ga kin kai loma ba."

Ta kwance ƙunshin ta miƙo mani. Na ce ci taki tukuna. Ta ce, "Ba ni ci sai kin ci." Ni za a yi wa wannan! Na ce ke dai ba ki da kunya. Na gutsura, ta gutsura. Na ƙara, ta ƙara, tana ƙirga mani da ido kamar mai rabon gado. Har munka cinye, ta tashi da kanta ta ɗebo furar da na dama mata da safe, munka sha ludayi ɗaya.

Saura tashi, gefen dama. Ba wadda ta iya taɓawa. Can Ummu ta farka, Saudatu ta ɗauke ta, ta ɗan tauna gefen hantar ta shafa mata a baki. Yarinya ta yamutsa fuska, sannan ta lashe, ta buɗe baki tana neman ƙari. Saudatu ta ce, a hankali, "Ci, Ummu. Ta babanki ce."

Kayan ciki sun kama ƙasan tukunya. Ni Atu, na ƙona nama.

Laraba, 12 ga Zulhajji.

Ta ci tuwo rabin malmala da romo. Sai na zauna take ci, in na miƙe ta aje. Ta mai da ni ragon, ke nan.

Alhamis, 13 ga Zulhajji.

Matar Baffa da 'ya'yanta sunka zo sunka yi suyar jiya. Na tashi in duba wutar, Saudatu ta riƙe mani zane. Yankan nasu manya-manya ne, ba haka nika yi ba. Na kwanta dai. Na yi barci da rana tsaka, abin da rabona da shi tun ina amarya.

Nono bai sauko sosai ba, amma da hantsi na ji Ummu na haɗiya. Na kasa kunne na tabbata. Alhamdu lillahi. Ba ni son in cika baki, da saura.

Asabar, 15 ga Zulhajji.

Malam ya aiko da jaki a ɗauke ni, da ƙwaryar soyayyen nama, aikin Mardiya. Wani ya yi baƙi, wani da sauran ruwa, gishiri kuwa kamar ta kai wa shanu. Ba zai kai damina ba. Ɗan saƙon ya ce gida lafiya, an ci an sha, Inna ta ga kwallinta. Ashe ba su mutu ba. Na ce ya gaida Malam, ya ce mashi sai wata ya raba, akwai sauran aiki nan. Ba wani aiki. Ya ce mi zai faɗa wa Mardiya? Na ce ya ce nama ya yi.

Da la'asar ina zaune gindin aduwa, Saudatu ta zare mani ɗankwali ba ko izini. Ta ce, "Subhanallahi, Yaya, wanga kitson tun yaushe?" Tun na Ƙaramar Sallah ne, wanda Maccido ya gani ya ce na yi kama da amarya tsohuwa. Na yi wa 'ya'yan mutane kitso ban tuna nawa ba. Ta ce ita anka hana wa ado, ba hannunta ba. Ta sa ni tsakanin gwiwoyinta ta fara tsifa, Ummu na bisa cinyata tana jan carbina.

Hannunta ba ƙarfi, kitson ya yi sako-sako, tsagar ma ta karkace, na ji da yatsa. Bakina ya buɗe zai faɗa.

Na ce ta ci gaba.